Dariya a gaban suruki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Surukina likita ne a ƙasar Ailan. Da ya zo gaishe mu nan Nassarawa, sai ya kunna mana wani tsohon wasan barkwanci na can. Turancin ban kama ba, amma da wani ƙato ya zauna kujera ta karye, dariya ta taso mini. To, dattijo ya ƙyalƙyale a gaban suruki? Na mayar da ita tari, har da hawaye.

Ya ce, "Baba, ƙirjin nan ba lafiya." Ya hana ni tsire da yaji, Hajiya kuma ta tsare ƙofar kicin.

Jama'a, in faɗi gaskiya girma ya zube, ko in ci gaba da shan kunu?