Kujerar da ke Bakin Kwana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban makaranta da malamansa, wakilin jami'an kula da lafiyar hanya, shugabannin ƙungiyar direbobin manyan motoci, masu kamfanonin sufuri da suka zo duba sababbin hannaye, iyaye 'yan'uwana maza da mata, matan ɗalibai da ke can baya suna fama da yara, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku barka da ganin wannan rana.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga makaranta da ta ce in yi magana a madadin iyaye, ko da yake da saƙon ya iso mini sai da na tambaya ko an yi ɓatan kai ne. Ni mai shagon kayan masarufi ce, ban taɓa riƙe sitiyari ba, ko keke ban iya ba. Kuma a duk rumfar nan, har da ku da ke tsaye a rana, babu wanda ya kai ni ƙin jinin tirela. To tunda an miƙa mini abin magana, sai ku yi haƙuri ku ji dalili.

Shagonmu a bakin kwana yake, daidai inda manyan motoci ke karyawa su nufi rumbunan ajiyar kaya. Maigidana tela ne. A da, kullum da safe yakan fito da keken ɗinkinsa ƙofar shago, ya zauna a benci yana aiki yana amsa gaisuwa. Wata rana da hantsi tirela ta zo karya kwana. Ba gudu take yi ba, tafiya take kamar ta mai ciwon baya. Kan motar ya wuce lafiya lau, har da sarari. Amma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke hanya suke yi su shigo ciki. Suka hau kwalbati, suka haɗa da benci, suka haɗa da ƙafarsa ta dama, ƙafar da yake taka keke da ita.

Direban bai sha komai ba, ba kuma mugu ba ne. Ya sauko yana kuka kamar ƙaramin yaro yana cewa, "Wallahi na ga na wuce! Wallahi na ga na wuce!" Ya daɗe yana jan ƙaramar mota, hannunsa ya saba da cewa da zarar kujerarsa ta wuce kwana shi ke nan, mota ta wuce. Babu wanda ya taɓa koya masa cewa a tirela, in kai ka wuce, motarka ba ta wuce ba tukuna. Tun daga ranar maigida da sanda yake tafiya, ɗinkinsa ya koma ɗakin ciki, bai ƙara zama a ƙofar shago ba. Ni kuwa ko barci nake na ji ƙugin tirela, sai na zabura in je janye benci.

Ana nan sai ga Auta, ɗanmu na ƙarshe, ga shi can a layi na biyu yana sunkuyar da kai, ya zo ya durƙusa ya ce yana son lasisin babbar mota. Shi ma ƙaramar motar kaya yake ja, aikin ya ja baya, ga mata ga jariri. Na ce masa, "Ba da yawuna ba. Ka sayar da ruwa, ka yi dako, amma ban haifi ɗan da zai karya uban wani ba." Sai maigida ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Ba motar ce ta karya ni ba, rashin koyo ne. Ki bar shi. Amma ke za ki zaɓa masa makaranta, tunda duk unguwar nan babu wanda ya kai ki kallon tayar baya." Godiyata ta farko bayan ta Allah, tasa ce.

To ga abin da na koya a wajen zaɓen, ina roƙon iyaye da matan aure su riƙe shi, don akwai ƙanne a gida da za su biyo baya.

Na farko, ku je da ƙafarku, ku duba motar da idonku. Kada ku tsaya a ofis ana nuna muku hotuna a bango. Na je wata makaranta na tarar kan mota kawai suke da shi, babu bodi. Ɗalibai na ta zagaye fili suna murna, wai suna tuƙin tirela. Na ce da mai makarantar, "Ina sauran motar?" Ya ce, "Ai Hajiya, wanda ya iya kai ya iya komai." Na ce Allah Ya ba mu alheri, na ɗauki jakata.

Na biyu, ku ji tsoron wanda ya fi ku sauri. A wata makarantar ko zama ban gama yi ba aka ce mini ba sai yaro ya wahala ba, lasisi zai same shi har gida. Tirela kam suna da ita, cikakkiya. Na zagaya bayanta na ga tayoyi sun sace, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, har kaza ta yi ƙwai a inuwarta. Wannan mota ba ta koyar da kowa komai ba, sai dai kazar.

Na uku, kuma shi ne babba, ku duba ko malamin yana saukowa daga mota. Wannan makaranta ba ni na same ta ba, ita ta same ni a ƙofar shagona. Ina auna sukari na ji ƙugi, na fito da gudu in janye benci, sai na ga tirela ta tsaya cak kafin kwana. Wani dattijo ya sauko, ya sauko da ɗalibinsa, ya ja shi da ƙafa har wurin tayoyin baya yana nuna masa ƙasa. Motoci sun taru a baya ana ta danna oda, ko a jikinsa. Ya waiwayo ya gan ni rungume da benci ya ce, "Uwa, ke dai matsa ciki, amma ki bar bencin inda yake. In sai an janye masa benci zai wuce, ai bai iya ba." Wannan dattijo shi ne wanda ɗalibai ke kira Malam Sauka, don ba shi da magana sai "sauka ka duba". Ga shi nan zaune yana hararata don na tona sunan. Malam, ka yafe ni, daga ranar ban ƙara neman wata makaranta ba.

Ku ɗalibai kun san kujerar ƙarfen nan da ke bakin kwanar filinku, wadda ta sha duka har ba a gane gabanta da bayanta. Iyaye ba su san ta ba, bari in gaya musu. Malam yakan ajiye ta daidai inda tayar baya ke yankowa, ya tambayi kowane ɗalibi, "Wa ke zaune a nan? Faɗi mutum ɗaya daga gidanku." Wani ya ce uwarsa, wani ya ce 'yarsa. An ce akwai wanda ya ce surukarsa, Malam ya ce a'a, sake zaɓa, wanda kake so nake nufi. Da aka zo kan Auta ya ce, "Baba." Malam bai san labarinmu ba, ya ce to, Baba ya zauna.

Jama'a, Auta gwani ne a ƙaramar mota, kuma gwanintar ce ta zame masa ciwo. Waɗanda ba su taɓa tuƙi ba suna wucewa, shi kuwa hannunsa na riga shi karya sitiyari. Wata rana matarsa ta zo ta ce mini ya ƙi cin abinci. Na kira shi na ce lafiya? Ya ce, "Inna, yau na taka Baba." Sai hawaye. Ya ce ya fasa, gaskiyata ce tun farko, ba zai koma ba. Ni da nake neman hanyar da zai fasa, ranar sai na ji zuciyata ta karye. Maigida ya dogaro sandarsa ya fito ya ce, "Gobe ka koma, ka ɗaga ni ka kakkaɓe ni, ka mayar da ni wurina, ka sake gwadawa. Ka yi ta taka ni a can har hannunka ya koya. Ni na san zafin na titi, kada ka kai wa kowa shi."

Ya koma. Malam bai yi masa tsawa ba, bai kuma sassauta masa ba. Ya sa shi sauka, ya sa shi dubawa, ya sa shi maimaitawa, har idonsa ya koyi zama a madubi, har hannunsa ya koyi jira. Ina godiya ga Malam da bai gaji ba. Ina godiya ga sauran malamai da suka koya musu haɗa kai da bodi, da gwada birki, da ja da baya. Ina godiya ga makanikin da ke miƙe kujerar nan da guduma kullum ba ya ƙorafi. Ina godiya ga shugaban makaranta da bai yarda a ba kowa shaida don kunya ko don sanayya ba.

A makon jiya Malam ya fito da Auta titi da kaya cike, ya biyo da shi ta kwanarmu. Na ji ƙugi, na fito in janye benci kamar kullum, sai na tarar da mutum a kai. Maigida ne, ya jingine sandarsa a bango. Na ce, "Baban Auta, don girman Allah tashi." Ya ce, "Ba inda za ni." Malam ya sauko yana tafe a gefen tayar baya. Auta ya miƙe gaba, ya ƙara miƙewa, har na ce ya manta da kwanar, sannan ya karya. Bai kalle mu ba, bai ɗaga mana hannu ba, idonsa na kan madubi. Tayoyin nan suka zo, suka wuce ta gabanmu ɗaya bayan ɗaya, ko kwalbati ba su shafa ba. Maigida ya bi motar da kallo har ta ɓace, sannan ya ce mini, "Gobe a fito mini da keken ɗinkina waje." Kuma an fito da shi.

'Ya'yana, yau za a miƙa muku shaida, gobe ku bazu a hanyoyi. Kujerar nan ba za ta bi ku ba, amma duk kwanar da za ku karya akwai mai zama a bakinta, kuma shi ma baban wani ne.

Allah Ya saka wa malamanku da alheri, Ya ƙara wa wannan makaranta albarka. Allah Ya ba ku iyayen gida masu tausayi da motoci masu lafiya. Allah Ya tsare gabanku, Ya tsare bayanku, Ya dawo da ku ga iyalanku. Allah Ya sa duk wanda kuka wuce a bakin hanya ya tashi ya koma gida da ƙafafunsa biyu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.