Mai Jan Kunne a Dara

Ina jiran ruwa a unguwar Jarwal ta Makka, wani tsohon mazauni yana dara da baƙon alhaji, da ƙwallayen dabino.

"Ya hajji, sau uku kana toshe ni," in ji tsohon. "Duba kake yi?"

"A'uzubillahi! Kai ke tona kanka. Duk za ka ci sai ka ja kunnenka."

"Mutum ɗaya ya taɓa gane wannan, ƙanena Wada. Shekara talatin da na baro shi Gwandu. Ko yana raye, Allah masani."

Baƙon ya ajiye ƙwallonsa.

"Tun saukata nake bin masu darar Makka ina kallon kunnuwansu. Yi wasanka, Yaya Mukhtaru. Wannan karon ba zan toshe ba."