Hayaƙin Gumi da Idon Inna

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ina gaishe ka da masu sauraro, ya aiki, ya iyali? Ni ce Hadiza daga Bakura.

Mahaifiyata, Inna, tana Tsibiri ta ƙasar Maradun, kuma tun tasowata gumin shinkafa ne sana'arta, wato turara shinkafa kafin a surfe. Da damina cikin ɗaki take kai murhu don kada ruwa ya kashe wuta. In itace ya jiƙe, sai ta hura shi da leda. Hawaye na zuba tana sharewa da bakin zane, tana cewa ido ne ke wanke kansa. Mu ma muka yarda.

Da, in na je ganin gida, tun daga bakin hanya take hango ni ta ƙwala mini kira. Watan jiya na kai mata ɗiyata ta fari. Ina tsaye gabanta ta ce, "Wace ce?" Da ta karɓi jaririyar, ta yi ta shafa fuskarta, ta ce, "Hadiza, da wa take kama?"

Likita a Talata Mafara ya ce yanar ido ce, kuma mai yiwuwa da hannun hayaƙi. Malam, don Allah ku tambayar mana masana: in an yi aiki za ta gani? Ƙannena ma har yau a ɗakin suke gumi.

Inna, na san rediyo na kusa da ke. Da ke take kama. Allah Ya sa ki gani da idonki.