Motar Farko a Ƙofar Gandun Daji

Ina shayar da jaririna a filin jirgi, na ji direban haya da wata dattijuwa suna ja-in-ja.

"Mama, mu kwana a garin tsakiyar hanya, akwai wuta da ruwan zafi. Masaukin bakin gandun dajin kuwa sauro ne zalla."

"Kai ni wajen sauron, ɗana."

"Haba Mama, giwayen ba guduwa za su yi ba!"

"Wa ya ce giwa na zo gani? Gobe 'yata za ta fara gadin ƙofar, ƙarfe shida, cikin kakinta. Motarmu nake so ta fara tsayarwa."

"In ta ƙi ɗaga mana sandar fa?"

"Ka ga ta gado ni ke nan. Ɗauko jakata."