Koke Mai Yatsu Tamanin

Etenesh: Halo? Ma'aikatar gona ce? Shiferaw nake nema.

Shiferaw: Shi ne. Wa ke magana? Ɗaga murya!

Etenesh: Wadda ka tarar tana haɗa baƙi a takardar ƙunshin gishiri, ranar da motar ɗalibai ta sauke ku ƙauyenmu don ku taya mu noma.

Shiferaw: Etenesh! Ina kwana? Ya Inna? Ya ruwa?

Etenesh: Lafiya lau. Ya Addis Ababa? Har yanzu a juye kake riƙe fartanya?

Shiferaw: Biro nake riƙewa yanzu, 'yar ƙauye. Daga ina?

Etenesh: Gidan waya na Jimma. Tun asuba nake tafe.

Shiferaw: Lafiya dai?

Etenesh: Takardarku ta iso. Shugaban ƙungiyar manoma bai iya karatu ba, ni aka tsayar a kasuwa na karanta. Wai kowa ya rushe gidansa, a koma bakin titi a yi layi.

Shiferaw: Don a kawo muku famfo da makaranta ne...

Etenesh: Itatuwan kofi fa, su ma layin za su bi? Tafiyar awa uku ce daga titi zuwa gonar Baba.

Shiferaw: Sassauta, ana sauraron wayar nan.

Etenesh: Su saurara mana. Na rubuta koke a kafa sabon ƙauyen kusa da gonaki. Dattawa tamanin sun dangwala yatsa.

Shiferaw: Talatin?

Etenesh: Tamanin! Ni kaɗai na sa suna.

Shiferaw: Ai nan matsalar take. Ke za a nema, a ce kina adawa da juyin juya hali.

Etenesh: Juyin ne ya ba Baba gonar. Wace ƙofa ake kai koke a ma'aikatarku?

Shiferaw: Haba Etenesh...

Etenesh: Ƙofar!

Shiferaw: Hawa na uku. Amma tare za mu shiga.

Etenesh: Aikinka fa?

Shiferaw: Ƙyale aikina. Shekara biyar ina tambayarki abu ɗaya a wasiƙa, ke kuma sai labarin damina kike aiko mini.

Etenesh: Mai wayar tana nuna mini agogo. Laraba ina cikin motar safe. In muka fito daga ofishin nan da ƙafafunmu, zan aure ka. Na yi alkawari.

Shiferaw: Me? Layin yana...

Etenesh: Ka ji ni sarai! Duk gidan wayar nan ma sun ji. Ka dai zo tasha da wu...