Man Sanƙo a Gaban Alƙali

Mai girma shugaban taro, babban lauya kuma yayanmu a wannan sana'a; masu girma alƙalai da kuka bar manyan kujerunku kuka zo kuka zauna a kan na roba tare da mu; shugabannin ofisoshin lauyoyi; jami'an hukumar haraji, waɗanda na lura an bar muku layi guda ku kaɗai, ba don rashin ƙauna ba; iyaye da 'yan'uwa da abokan arziki; sai kuma ku 'ya'yana, sababbin lauyoyi, da baƙaƙen rigunanku da har yanzu suke ƙamshin shago: ina yi muku sallama, barkanmu da wannan rana.

Ina godiya ga ƙungiyarmu da ta ba ni wannan dama, ina godiya ga iyayen da suka ɗauki ɗawainiyar karatu, ina kuma godiya ga ɗalibaina da suka jure darasin dokar haraji bayan cin abincin rana, lokacin da ido ke nauyi, kai ke rinjaya.

Abu na farko, 'ya'yana: da yawanku kuna gudun shari'ar haraji don kuna tsoron lissafi. Ku kwantar da hankalinku. Lissafi na akanta ne, naku kalma ce. Kalma ɗaya kan rufe masana'anta, kalma ɗaya kan buɗe ta. Bari in ba ku misali da idona ya gani.

Akwai wata dattijuwa da ake kira Inna, mai ƙaramar masana'anta a bayan kasuwa, ɗaki ne mai tukwane da kwalabe, da mata masu liƙa tambari suna hira. Abin da take haɗawa shi ne man tsiro da gashi, na masu sanƙo. Doka ta yafe wa magani haraji, ta ɗora shi a kan kayan kwalliya. Inna ta ce man nata magani ne. Hukuma ta ce kwalliya ce, kuma za a bi ta bashin shekarun baya. In hukuma ta yi nasara, sai Inna ta kife tukwane, ta sallami matan nan, ta sa kwaɗo.

Manyan ofisoshi suka ce shari'ar ta yi musu ƙanƙanta. Sai ta faɗa hannun wata tsohuwar ɗalibata da muke kira Auta, wadda a lokacin ofishinta tebur ne da fanka. Lauyan hukuma kuwa gogagge ne, mai murya kamar aradu. Ba zan faɗi sunansa ba, saboda ba ladabi ba ne a ambaci sunan shugaban taro yana zaune.

Ya miƙe ya gyara riga, ya ce: "Ya mai shari'a, a bakin mutanenmu komai magani ne. Akwai maganin sauro, akwai maganin ɓera, abinci maganin yunwa, haƙuri ma maganin zaman duniya ne. In muka bi wannan hanya, me zai rage wa hukuma?" Kotu ta yi dariya, ni ma na ce a raina Auta ta shiga uku. Da ya tsaya nan, da ya gama da mu. Amma daɗin magana ya ɗebe shi. Ya ɗaga kwalbar man sama, ya ce: "Kuma wannan abu ba ya aiki! Ko sili ɗaya ba ya tsirarwa!"

Auta ta miƙe a hankali, ta ce: "Ya mai shari'a, ban ga rahoton masana a gaban kotu ba. Ko yayana masani zai gaya mana inda ya samo wannan?"

Ya ce: "Na sani!"

Ta ce: "Ta yaya, ranka ya daɗe?"

Ya ce: "Safe da yamma nake..."

Abu na biyu ke nan, 'ya'yana: lauya ba shaida ba ne. Alƙali ya sauke tabarau ya ce: "Lauya, shaida kake bayarwa? In haka ne ka san ƙa'ida. Cire hular lauya, ka tuɓe riga, ka zo ka tsaya inda shaidu ke tsayawa, kotu ta gani da idonta." Jama'a, na ga mutane sun riƙe dukiya, na ga sun riƙe mulki, amma ban taɓa ganin riƙo irin wanda aka yi wa hular nan da hannu biyu ba. Ya ce: "Ya mai shari'a, na janye."

To, a nan ne Auta ta kusa yin tuntuɓe, kuma shi ne abu na uku. Ta ga ƙofa a buɗe. Ta fara cewa ko da man ba ya aiki, ai maganin da bai ci ba sunansa magani. Hujja ce mai kyau, ni na koya mata ita. Sai Inna ta miƙo hannu daga baya ta ja mata riga, ta yi raɗar da har ɗan sandan bakin ƙofa ya ji: "Ke 'yar nan! Ki ci min shari'a ki kashe min kasuwa? Wa zai sayi man da lauyarsa ta ce ba ya aiki?"

Kun ji ko? Wanda kuke karewa ba hukunci ya zo nema don ya rataye a bango ba. Ya zo ne don gobe ya buɗe shagonsa. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Auta ta haɗiye maganarta, ta sake sabon lale. Ta ce: "Ya mai shari'a, kwalliya nan take ake ganin ta. Mai jan baki ta shafa, ta dubi madubi, ta fita. Ba ta jiran komai, ba wanda ke ce mata Allah ya sa a dace. Amma mai sayen wannan mai yakan shafa ya jira, ya sake shafawa ya sake jira, yana shafa kai kowace safiya yana sa rai. Abin da ake jira, abin da ake sa wa rai, abin da ake bi da addu'a, shi ne magani. Ban ce ba ya aiki ba. Na ce yana son haƙuri, kuma wasu sun fi wasu gaggawa."

Alƙali ya rubuta, ya daɗe yana rubutu, kafaɗunsa na motsi. Da ranar hukunci ta zo, kotu ta ce magani ne. Inna ba ta kife tukunya ko ɗaya ba. Matan nan suna nan suna liƙa tambari, kuma na ji labari cewa mako bai zagayo ba sai ga kwali guda na man an aika ofishin lauyan hukuma, da saƙon baki: "In ji Inna, a ƙara haƙuri."

Ina roƙon Allah ya ba alƙalanmu basira, ya ba jami'an haraji tausayi, ya ba masu biya gaskiya. Ya saka wa iyaye da alheri. Ku kuma 'ya'yana, Allah ya sa albarka a harshenku, ya nuna muku inda za ku fara magana, ya kuma nuna muku inda za ku tsaya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. Mai girma shugaban taro, Allah ya huci zuciyarka, ya sa a dace.

Na gode.