Tabon Mai a Hannun Ikrima

A tashar Zakirai ana jiran mota ta cika, sai wani dattijo ya ƙura wa hannun Ikrima ido, ya ga duk ɗigo-ɗigon ƙuna.

"Samari, wannan ai fallatsin mai ne. Masara ka soya?"

"Ni? Haba Baba! Maiɗakina ce ke suya, ni wucewa kawai na yi."

"To, wucewar nan ta daɗe. Yaya take yi?"

"Ta surfa, ta dafa da 'yar kanwa, ta wanke, sai ta juye a mai."

"Da ruwanta? Shi ya sa take harbi! A tsane ta a kwando, a baza a faifai ta sha iska, sannan a soya kaɗan-kaɗan ta fito ƙayau. Yaji da gishiri kuwa sai an kwashe, da zafinta."

Ikrima ya matso kusa. "Wallahi juna biyu gare ta, ko shinkafa ba ta shiga sai da masarar nan a gefe. Jiya sau uku ina..."

"Kana wucewa," in ji dattijon.

"Amma Baba, kai ina ka san duk wannan?"

"Wajen Hajiyata mana. Ni me zai kai ni bakin murhu?"

Mota ta cika. Dattijon ya miƙa hannu ya kama ƙofa, hannun rigarsa ya zame, ga tsofaffin tabo nan har gwiwar hannu.

"Baba, kai ma wucewa ka yi?"

"Haihuwa tara fa, samari. Na sha wucewa."